Kik Ɗin Tsohuwar Mota: A Gano Ciwo Kafin A Sayi Magani

Duk wanda ya saba yin sammako ranar Lahadi a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Ɗambatta zuwa Kazaure da Daura, da wuya a ce bai taɓa ganin wannan abu ba: tsohuwar a-kori-kura shaƙe da buhunan gero da wake, samari huɗu ko biyar sun duƙa suna tura ta, direba kuwa ya leƙo da kai yana neman a ƙara ƙarfi. In an tambayi dalili, amsar guda ce, wai kik ya mutu. Kasuwar Ɗambatta kuwa ba ta jiran kowa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mutanen karkarar arewacin Jihar Kano. A ƙasashen Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir gona tana jingine da gona, ƙauye yana hangen ƙauye, kuma gonakin ƙanana ne. Ba kowane manomi ke iya cika babbar mota shi kaɗai ba, saboda haka ƙaramar mota guda ita ke kwashe kayan mutum goma. Ita ce kuma ke ɗaukar tumatirin masu noman rani na madatsun ruwa na Thomas da Watari, ita ce ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan haihuwa ta zo da gardama. Ranar da ta ƙi tashi, ba mai ita kaɗai ke hasara ba.

Daga cikin tsofaffin motocin nan akwai ƙirar Peugeot, wadda jama'a ke kira Fijo. Samfurin 404 ya fito a ƙasar Faransa a 1960, na 504 kuma a 1968. Kamfanin harhaɗa Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a nan Nijeriya har zuwa 2006. Watau ke nan ko autar cikinsu ta kwana biyu a duniya. Tun daga 2023 kuwa, da aka janye tallafin man fetur darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyaran da ake shigo da su daga waje suka yi tsada ƙwarai. Don haka ya zama wajibi mai mota ya san abin da ya lalace kafin ya kwance lalitarsa.

YADDA KIK KE AIKI

Injin mota ba ya iya tayar da kansa, sai an fara juya shi. A zamanin farko da hannu ake waina shi da wani lanƙwasasshen ƙarfe, wanda ya sha karya hannuwan mutane. A 1912 ne motocin Cadillac na Amurka suka fito da na'urar tayar da inji ta lantarki wadda Charles Kettering ya tsara. Ita ce makanikanmu ke kira kik.

Kik ƙaramin inji ne mai aiki da wutar batir. Idan aka murɗa makulli, 'yar wuta kaɗan takan tafi wurin wani maganaɗisu da ake kira solonayid. Shi kuwa aiki biyu yake yi a lokaci guda: ya tura wani ɗan ƙarfe mai haƙora, watau bendis, ya shiga haƙoran babban faifan inji da ake kira filawil, sa'an nan ya haɗa babbar wuta daga batir. Wutar takan bi ta kan wasu 'yan guntaye masu kama da gawayi, watau buroshi, ta shiga amecha, ita kuwa ta juya da ƙarfi. Abin lura a nan shi ne, ko da yake batirin mai bolt 12 ne, kik yakan ja wutar da ta haura amfiya 100 a 'yan daƙiƙoƙin nan. Saboda haka 'yar tsatsa ko sako-sakon da ba zai hana fitila kamawa ba, ya isa ya hana mota tashi.

A SAURARA, SA'AN NAN A DUBA

Gwanin makanike da kunne yake fara bincike. In an murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, galibi batir ne ya yi sanyi ko kawunansa suka yi datti. In ƙas ɗaya aka ji sa'an nan shiru, a tuhumi solonayid ko buroshi. In kik yana juyawa fiu amma inji bai motsa ba, bendis ne ba ya kamawa. In kuwa ƙara ce mai kama da niƙan tsakuwa, haƙora ne suka cinye. Idan kuma batir lafiyayye ne amma kik yana juyawa da ƙyar, mai yiwuwa bushin ne ya sassauta har amecha tana gugar jikin gidanta.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A kunna manyan fitilu, wani ya tsaya gaban mota, a murɗa makulli. In hasken ya dushe ƙwarai ko ya ɗauke, to, a fara da batir da wayoyinsa. In hasken bai ko girgiza ba, wuta ce ba ta ratsa kik, sai a bi sawunta daga makulli zuwa solonayid da buroshi. Wanda ke da mita sai ya auna: cikakken batir yakan nuna kimanin bolt 12.6, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba sa'ad da ake tayarwa.

Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Zafin bazara yakan ƙone ruwan batir, gargadar hanya takan sassauta noti, farin gari kuma yakan taru a kan batir. A wanke kawunan da ruwan zafi da 'yar kanwa, a kankare su, a ɗaure tam. Kada a manta da wayar da ta haɗa batir da jikin mota da inji, domin ta nan wutar ke komawa gida.

IN TA KAMA A KWANCE

Sai an tabbatar batir da wayoyi ba su da laifi sa'an nan a taɓa kik. Da farko a fitar da mota daga giya, a ja birkin hannu, a kuma cire wayar batir mai alamar ragi, domin sifana na iya haɗa wuta ta ƙone hannu. Abin farin ciki shi ne, kik irin na da, kamar na kamfanonin Ducellier da Paris-Rhône, an yi shi ne yadda za a iya buɗewa a gyara. Buroshin da ya gajarce a sake shi. Zoben jan ƙarfen da buroshi ke gogawa a goge shi da samfefa mai laushi, a kuma share tsagoginsa. Bushin da ya cinye a buga sabo. Sandar da bendis ke zamewa a kanta a wanke ta, amma kada a cika mata giris, gama ƙurar hunturu in ta gamu da giris sai su zama taɓo. Kafin a mayar da shi, a gwada shi da batir a ƙasa. Waɗannan ƙananan kaya akan neme su a kasuwar Ƙofar Ruwa cikin birnin Kano, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin kik sukutum ba.

Akwai ɗabi'u uku da ya kamata direbobi su guje musu. Ta farko ita ce dukan kik da guduma. Gaskiya ne yakan tashi, domin bugun yakan sa buroshin da ya cinye ya sake taɓawa, amma wannan shaida ce ta ciwo, ba magani ba. Ta biyu ita ce danne makulli ba sassautawa. Ya kamata kada a wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, a bari ya huce, in ba haka ba wayoyin ciki su ƙone. Ta uku ita ce yin biris da ƙarar haƙora. Bendis mai araha in an ƙyale shi sai ya cinye haƙoran filawil, wanda ba a kai gare shi sai an sauke akwatin giya. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.

Turi kuwa dabara ce ta fita kunya, ba hanyar zama da mota ba ce. Da rana a bakin kasuwa ba a rasa majiya ƙarfi. Amma da ƙarfe biyun dare, cikin yashi ko taɓon damina, ga mara lafiya kwance a baya, ina za a samo su?

Ya kamata ma'aikatan da ke kula da motocin hukuma su riƙa neman bayanin gwajin da aka yi kafin su sa hannu a takardar sayen sabon kik. Ɗalibai kuma, musamman na makarantun koyon sana'a, su sani cewa kik ɗin tarakta da na babban janareta duk bisa wannan tsari suke aiki. Saurayin da ya ƙware a wannan gyara, ya kuma zauna a garinsu, zai ci abinci, zai kuma hutar da manoma jigilar zuwa birni. Da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai an san yadda ake adana ta.