Mene ne lambu mai kama da daji?

A 'yan shekarun nan, akan ji ana ambaton lambu mai kama da daji idan an buɗe sabon wurin shaƙatawa a biranen Turai da Amurka. To, mene ne shi?

Lambu ne da ake tsarawa bisa koyi da yadda tsirrai ke fitowa da kansu a dawa, maimakon jera furanni sahu-sahu da aske ciyawa kowane mako. Mai tsarawa yakan fara duba irin ƙasar wurin da yawan ruwan saman da take samu. Sannan ya zaɓo ciyayi da furannin da ke sake tohowa duk shekara, ya gauraya su. Idan sun bushe ba a saurin yanke su, domin 'ya'yansu abincin tsuntsaye ne.

Fitaccen misali shi ne High Line a birnin New York. Tsohon layin dogo ne da ke bisa gada, wanda aka mayar wurin shaƙatawa. Jirgi na ƙarshe ya bi ta kansa a 1980, daga nan ciyawa ta mamaye shi. Wannan ciyawar ce Piet Oudolf, mai tsara lambu ɗan ƙasar Holan, ya kwaikwaya wajen zaɓen tsirran wurin. An buɗe sashen farko a 2009, kuma tsawonsa yanzu ya kai kilomita 2.3.

Da zarar tsirran sun kafu, ban ruwa da feshin magani sukan ragu, ƙudan zuma kuma su samu abinci. Sai dai aikin yana buƙatar ma'aikacin da ya san tsirrai sosai, wanda zai bambance abin da aka shuka da ciyawar da ya kamata a cire.