Ko Kun Sani? Ranar da Amurka ta kori jami'an Rasha 35

A ranar 29 ga Disamba, 2016, saura makonni uku ya sauka daga mulki, Shugaba Barack Obama ya ba jami'an diflomasiyyar Rasha 35 wa'adin awa 72 su tattara nasu ya nasu su bar Amurka. Zargin shi ne Rasha ta yi kutse a kwamfutocin jam'iyyar Democrat, ta fallasa saƙonninta ana tsaka da yaƙin neman zaɓe. Aka garƙame wasu gidajen Rasha biyu a jihohin Maryland da New York, aka ƙaƙaba wa hukumomin leƙen asirinta, GRU da FSB, takunkumi.

Rasha ta musanta. Shugabanta Putin kuwa bai rama nan take ba, sai ma ya gayyaci 'ya'yan jami'an Amurka bikin sabuwar shekara a fadar Kremlin. Ashe ajiye ramuwar ya yi: a Yulin 2017 ya umarci Amurka ta rage ma'aikata 755 a ofisoshin jakadancinta da ke Rasha.

Takunkumi irin wanda aka ƙaƙaba wa GRU da FSB yakan riƙe dukiyar mutum da ke Amurka, ya haramta wa Amurkawa cinikayya da shi. Haka aka yi wa kamfanin Internet Research Agency na Rasha, masu buɗe shafukan bogi, a Maris 2018. Sai dai ba su daddara ba. A Maris 2020 Facebook ya rufe wasu shafuka da ake tafiyarwa daga Ghana da Najeriya, ya ce suna da alaƙa da mutanen kamfanin.