Tsanin Da Ɗan Wasan Ƙwallon Kwando Yake Hawa

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu suna zaton sana'ar ƙwallon kwando ba ta bukatar kome sai tsawo. In an ga yaro ya zarce tsaransa, sai a ce ai wannan ya gama samun abinci, jirgi kawai yake jira ya kai shi Amurka. To, al'amarin ba haka yake ba. Wannan sana'a tsani ce mai matakai, kowane mataki kuwa da irin wahalarsa, kuma duk wanda ya hau, wata rana sai ya sauko. Domin mu fahimci haka sosai, bari mu bi sawun mutum guda wanda ya hau tsanin nan tun daga ƙasa har ƙoli, watau Hakeem Olajuwon, ɗan Nijeriya haifaffen Ikko.

Kafin nan ya kamata mu san girman fagen. Wani malami ne mai suna James Naismith ya ƙago wasan a Amurka a shekarar 1891. Mutum biyar biyar ake yi, kwandon kuwa ƙafa 10 ne daga ƙasa. Babbar gasar duniya ta masu cin abinci da wasan ita ce NBA, wadda aka kafa a 1946. Kulob 30 ne a cikinta, kowane yana riƙe da cikakkun 'yan wasa kamar 15. Kun ga ke nan gurabun ba su wuce 450 da 'yan kai ba, alhali matasan duniya duka su suke hange.

Mataki na farko: filin makaranta

An haifi Hakeem a Ikko ran 21 ga Janairu, 1963. Iyayensa Yarabawa ne, sana'arsu sayar da siminti. Yana yaro bai san ƙwallon kwando ba. Ƙwallon ƙafa yake yi, shi ne mai tsaron gida, sa'an nan kuma yana taɓa ƙwallon hannu. Sai da ya kai shekara 15, yana Kwalejin Horon Malamai ta Musulmi a Ikko, aka shirya gasar wasannin kwalejojin malamai a Sakkwato. Shi yana cikin 'yan ƙwallon hannu, amma da aka dubi tsawonsa sai aka roƙi mai koyarwa ya sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando su ma. Daga nan sana'ar ta samo asali.

A nan akwai abin lura. Shekarun da ya yi yana tsaron gida ba su tafi a banza ba. Mai tsaron gida dole ya iya sauya ƙafa da sauri, ya karanci inda ƙwallo zai bi, ya yi tsalle a daidai lokaci, ba kafin ba, ba bayan ba. Dogayen mutane da yawa ƙafarsu na da nauyi, amma shi tasa ta riga ta horu. Shi da kansa ya sha faɗin cewa ƙwallon ƙafa ne ya ba shi wannan ƙwarewa. Bai daɗe da farawa ba aka ɗauke shi cikin 'yan wasan Nijeriya.

Mataki na biyu: jami'a

A Amurka hanyar da aka fi bi zuwa NBA ita ce ta jami'a. Jami'a takan ba saurayi gurbin karatu kyauta, shi kuma ya yi mata wasa. Amma da sharaɗi: sai yana da takardun shiga, kuma sai ya ci gaba da cin jarrabawa, in ba haka ba a zaunar da shi. Saboda haka wanda ya yar da littafi don ƙwallo, ya rufe wa kansa babbar ƙofa.

Wani Ba'amurke mai koyar da wasa ya ga Hakeem, ya yi masa hanya zuwa Jami'ar Houston a Jihar Tekzas, wurin mai horarwa Guy Lewis. Ya sauka can a 1980. Kada ku yi zaton da ganga aka tarye shi. Shekarar farko bai sami izinin buga gasa ba sam. Shekara ta biyu galibi a benci yake, sai jefi-jefi a sa shi, domin jikinsa bai yi ƙwari ba, kuma yana yawan yin laifi cikin wasa. Wanda bai da haƙuri, a nan yake karaya.

Abin da ya yi shi ne ya nemi wanda ya fi shi. A lokacin akwai wani ƙato, Moses Malone, gwanin kulob ɗin Houston Rockets, wanda yakan motsa jiki a wani zauren wasa na garin lokacin hutu. Hakeem ya riƙa zuwa yana karawa da shi. Ya sha ture, ya sha gwiwar hannu, amma bai daina ba. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Da aka koma makaranta sai ga shi ya zama wani mutum dabam. Shi da abokinsa Clyde Drexler suka kai jami'arsu wasan ƙarshe na jami'o'in Amurka a 1983, aka cinye su da ƙyar a daƙiƙar ƙarshe. Duk da haka shi aka zaɓa gwanin gasar. A 1984 ya sake kai su wasan ƙarshe, Jami'ar Georgetown ta cinye su. Sau biyu ke nan yana ganin kofi da ido, bai taɓa ba.

Mataki na uku: ranar zaɓe

Kowace shekara NBA takan ware lokacin da kulob-kulob ke zaɓen sababbin 'yan wasa bi da bi. Kulob ɗin da suka fi shan kashi a bara su ake ba damar fara zaɓe, don kada ƙarfi ya taru wuri guda. Abin mamaki a nan shi ne, saurayi ba shi ke zaɓen inda zai tafi ba, shi ake zaɓa, ko garin ya yi masa ko bai yi masa ba. A tsarin yanzu kimanin mutum 60 kaɗai ake kira a shekara, kuma sai wanda ya kai shekara 19.

A 1984 Houston da Portland ne ke neman zaɓen farko, aka wurga kwabo sama, Houston ta ci. Suka kira sunan Hakeem, ya zama na ɗaya a duk shekarar. Kun san wanda aka kira na uku? Michael Jordan ne, wanda mutane da yawa ke cewa ba a yi kamarsa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku darajar da aka ba yaron Ikko, shekara shida kacal bayan ya fara riƙe ƙwallon.

Mataki na huɗu: cin abinci da wasa

Shiga NBA ba hutu ba ne. Kowane kulob yana buga wasa 82 a kaka guda, daga Oktoba zuwa Afrilu, yau nan gobe can, kafin a shiga zagayen neman kofi. A shekararsa ta biyu, watau 1986, Hakeem da wani dogo mai suna Ralph Sampson suka kai Houston wasan ƙarshe, Boston Celtics ta cinye su. Mutane suka ce ba kome, baɗi ma rana ce. Ashe sai bayan shekara takwas za su sake komawa. Sampson ya sami ciwon gwiwa, tauraronsa ya dushe tun yana da sauran ƙuruciya. Shi kansa Hakeem a 1991 an buge shi da gwiwar hannu a ido, ƙashin wurin ya karye, ya rasa wasa fiye da 20. A 1992 kuma rigima ta shiga tsakaninsa da shugabannin kulob, har ya nemi a sayar da shi. Daga baya suka shirya.

A waɗannan shekaru ne ya ƙara riƙo da addini, ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem a 1991, ya rage zafin zuciya, ya kuma koyi miƙa wa abokan wasa ƙwallo maimakon ya ce sai shi. Sai ga sakamako. A 1994 Houston ta ci New York Knicks a wasa na bakwai, ta ɗauki kofi karo na farko a tarihinta. A wannan kaka shi ne gwanin NBA duka, shi ne gwanin masu tsare gida, shi ne kuma gwanin wasan ƙarshe. Ba wanda ya taɓa haɗa ukun nan a shekara guda kafinsa. A 1995 suka shiga zagayen kofi suna na shida a shiyyarsu, ba wanda ya sa musu rai, amma suka kai ƙarshe, suka cinye Orlando Magic ta Shaquille O'Neal sau huɗu a jere. A watan Fabrairu na shekarar, wanda ya zo daidai da Ramalana, yana azumi yana wasa, kuma shi aka zaɓa gwanin watan.

Babban makaminsa shi ne ƙafa. Yakan ba abokin karawa baya, ya yi kamar zai juya dama, sai ya karkata hagu, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, mutum ya yi tsalle a banza, sa'an nan ya jefa a tsanake. Wajen kaɓe jifan abokan gaba kuwa, sau 3,830 ya yi, kuma har yau ba wanda ya kamo shi a lissafin NBA. Tsohon mai tsaron gida bai manta aikinsa ba.

A 1993 ya karɓi takardar zama ɗan Amurka, kuma da rigar Amurka ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na 1996 a Atlanta. Wannan ma abin tunani ne ga ƙasarmu: in ba mu gyara filaye da masu koyarwa ba, mu za mu riƙa shuka, wasu su girbe.

Mataki na ƙarshe: saukowa

Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. A 2001 Houston ta miƙa shi ga Toronto Raptors ta Kanada, bayan shekara 17. Ya yi kaka guda, ciwon baya ya tsayar da shi a 2002, yana da shekara 39. Ku duba fa, shekarun da malami ko likita yake kan ganiyarsa, su ne shekarun da ɗan wasa ke zama tsoho. Shi ma ya yi sa'a ne da ya kai shekara 18 yana wasa, domin mafi yawansu ba su yin rabin haka.

Amma saukowar ba ta same shi ba shiri ba. Ya shiga cinikin filaye da gidaje a Houston, da kuɗin hannunsa, ba ya cin bashi mai ruwa. Ya sayi wani tsohon ginin banki a tsakiyar birnin ya mai da shi masallaci. Ya zauna a ƙasar Jodan yana ƙaro ilmin addini. Manyan 'yan wasa irin su Kobe Bryant da LeBron James suka riƙa zuwa wurinsa koyon sarrafa ƙafa. A 2008 aka sa sunansa cikin zauren tunawa da gwanayen wasan, a 2022 kuma NBA ta sa wa kofin gwanin masu tsare gida sunansa.

To, wanda bai kai ƙoli ba fa? Shi ma yana da ƙofa, in yana da ilmi. Ga Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. Ya yi wasa a Amurka da Turai, amma bai taɓa buga NBA ba. Sai ya koma aikin neman yara masu baiwa, ya yi ta hawa har ya shugabanci Toronto Raptors, kuma a hannunsa suka ɗauki kofi a 2019. Bugu da ƙari, tun 2021 aka fara babbar gasar kulob-kulob ta Afirka a Kigali, wadda ita ma tana bukatar masu horarwa da alƙalan wasa da likitoci da 'yan jarida.

Saboda haka, ɗan'uwa mai sha'awar wannan sana'a, kada ka raina wasan da ake yi a filin makarantarku, ko da na hannu ne ko na ƙafa. Ka nemi wanda ya fi ka ka kara da shi. Ka yi haƙuri da zaman benci. Fiye da duka, ka riƙe littafinka da hannu biyu, domin shi ne zai shigar da kai, shi ne kuma zai tarye ka ran da gwiwa ta ce ta gaji. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.