Zaɓen kitse shi ne jigon riba a sana'ar sosej ta cikin gida

A unguwar Sabon Gari da ke Minna, babban birnin Jihar Neja, masu ƙananan sana'o'in abinci da ke son haɗa sosej a gida domin sayar wa masu gasa burodi da masu shayi suna fuskantar matsala guda tun kafin su kunna injin niƙa: wane irin kitse za a sa?

A ƙasashen Turai, kitsen bayan alade ne aka saba amfani da shi, domin yana da tauri idan ya yi sanyi, kuma yana narkewa a baki. Daga nan ne sunan "tsiran alade" ya samo asali, sunan da ke korar mai saye Musulmi. Duk wanda ke neman babbar kasuwa a Arewa tilas ya koma ga kitsen saniya ko na rago, kamar yadda ake yi a Aljeriya da Tunisiya da Turkiyya.

Ƙa'idar da masu sana'ar suka yarda da ita ita ce kitse ya kasance kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na haɗin. Ke nan a kilo 10, kimanin kilo biyu da rabi kitse ne, sauran kuwa tsoka. Da yake kitse ya fi tsoka araha, wasu kan ƙara shi don rage kuɗin da suke kashewa. Sai dai idan ya wuce kima, yakan tsiyaye a wuta, sosej ya tsuke, mai saye ya ga an cuce shi. Idan kuma ya yi kaɗan, sai ya bushe ya yi gautsi.

Ba kowane kitsen saniya ne ya dace ba. Kitsen da ke kewaye da ƙoda ba ya narkewa sai da zafin da ya zarce na jikin ɗan Adam, wato digiri 37, shi ya sa yake daskarewa a dasashi. Kitsen ƙirji ya fi shi taushi, haka ma tozo, wanda masu tsire suka daɗe da sanin darajarsa. Amma tozo yana da tsada, domin kowace saniya guda ɗaya take da shi.

Lokaci ma yana da tasiri a kan farashi. Shanun da ake kawowa daga kasuwanni irin su Mariga da Beji sun fi ƙiba bayan damina, yayin da a bazara sukan rame, kitse ya yi wuyar samu. Launin rawaya a jikin kitse ba aibu ba ne, yawanci alamar cin ciyawa ce. Wanda ya kamata a guje wa shi ne mai wari ko yauƙi.

Sai batun sanyi. A watannin Maris da Afrilu zafin Minna yakan kai digiri 40, kuma kitsen da aka niƙa da ɗumi yakan dame da tsoka ya ɓata haɗin baki ɗaya. Saboda haka kuɗin firji da man janareta, wanda ya tashi bayan janye tallafin fetur a shekarar 2023, dole su shiga lissafi.

Mai niyyar kai kayansa manyan kantuna a cikin leda kuwa, sai ya nemi rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a shekarar 1993.