Shayan: Yadda Zangon Leburorin Reluwe Ya Zama Babban Birni

Gari ba ya kafuwa sai da dalili. Wani garin ruwa ne ya tara mutanensa, wani kasuwa, wani kuwa tsoron hari ne ya sa jama'a suka haɗu suka ja ganuwa. Amma a yammacin ƙasar Amurka akwai waɗansu garuruwa waɗanda hanyar jirgin ƙasa kaɗai ta haife su. Da yawa daga cikinsu ba su cika shekara guda ba aka kwashe su, kaɗan ne suka zauna. A cikin wannan takarda za mu ba da labarin ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna ɗin, watau garin da ake rubuta sunansa Cheyenne, amma a baki Shayan ake cewa, shi ne babban birnin jihar Wayomin. Hakimai da malamansu, da yake yankan fegi da tsarin kasuwa da lura da tsofaffin gine-gine duk suna wuyansu, za su so su san abin da ya tsai da wannan gari alhali 'yan'uwansa sun watse, da kuma yadda gine-ginensa ke ba da shaidar haka.

Asalin hanyar

A cikin 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar da ta ba da iznin shimfiɗa hanyar jirgi wadda za ta haɗa gabashin ƙasar da yammacinta. Aka ba kamfani biyu aikin. Kamfanin Central Pacific ya taso daga Sakaramento ta Kalifoniya ya nufo gabas, kamfanin Union Pacific kuwa ya tashi daga Omaha, a bakin kogin Misuri, ya nufi yamma. Gwamnati ta ba su rance a kan kowane mil da suka shimfiɗa, ta kuma ba su filaye a dama da hagun hanyar su sayar. Saboda haka kowane kamfani ya yi ta gaggawa, gama yawan mil shi ne yawan samu.

Ƙasar da Union Pacific ya ratsa fili ne fetal, ciyawa iyakar ganinka, itace sai a bakin rafi. Amma ba kango ba ce marar mai ita. Mazauninta na asali, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, su ne kabilun Shayan da Arafaho da Lakota, masu farautar ɓauna a kan dawaki. Sun tsaya wa ƙasarsu gwargwadon ƙarfinsu, amma hanyar ta kawo soja da maharba da baƙi ba iyaka, ɓauna ta ƙare, su kuma aka tura su waɗansu keɓaɓɓun wurare. Garin da muke magana a kansa sunan ɗaya daga cikin kabilun nan ya ci, a kan ƙasar da aka raba su da ita.

Zaɓen wuri

Babban injiniyan Union Pacific shi ne Janar Grenville Dodge. A cikin watan Yuli 1867 ya sauka a bakin wani rafi da ake kira Rafin Hankaka, mil 500 da 'yan kai yamma da Omaha, ya sa masu awo suka yanka gari. Dalilinsa kuwa shi ne, nan ne fili ya ƙare, hawa ya soma. Wurin yana da tsawon ƙafa 6,000 da 'yan kai bisa teku, amma cikin tafiyar mil 30 ko fiye kaɗan sai hanyar ta hau zuwa ƙafa 8,247 a wani tudu da aka sa wa suna Sherman, inda ya fi ko'ina tsawo a kan hanyar duka. Jirgi ba ya hawa irin wannan tudu sai an ƙara masa kai, an ba shi ruwa da gawayi, an sake ma'aikata. Ke nan dole a sami wurin ajiye injuna da gyaransu a gindin tudun.

Masu awo suka ja tituna a miƙe, suna gilma juna, suka daidaita su da kwanciyar dogo maimakon gabas da yamma. Har yau wanda ya dubi taswirar birnin zai ga tsohuwar unguwar ta karkace, ta bi hanyar jirgi. Kamfani ya shiga sayar da fegi tun ba a ga ko hayaƙin jirgi ba.

Garin tanti

A wancan zamani duk inda ƙarshen dogo ya kai, sai wani gari ya tsiro. Masu sayar da abinci da giya, da 'yan caca, da matan banza, da 'yan fashi, suna bin leburori don kuɗin da ke aljihunsu. Gidajensu tanti ne da katako wanda ake harhaɗawa. In dogo ya yi gaba sai su kwance, su loda a jirgi, su bi shi. Saboda mugun halin irin wannan zango Amurkawa suka yi masa kirari da sunan da ma'anarsa ita ce wutar jahannama mai tafiya bisa ƙafar jirgi.

Haka Shayan ya fara. Tun a watan Agusta 1867 mutanen suka naɗa magajin gari, H. M. Hook, a watan Satumba kuma jarida ta soma fitowa. Ran 13 ga Nuwamba dogo ya iso, a lokacin kuwa mutanen garin sun kai wajen 4,000. Hunturu ya tsai da aiki a gindin tudun, leburori suka yi zaman watanni a nan, kuɗi ya yi ta yawo, tashin hankali ya yi yawa har waɗansu mutanen gari suka ɗauki doka a hannunsu, suna rataye wanda suka tuhuma ba tare da alƙali ba.

Da sanyi ya wuce a 1868 sai dogo ya haye Sherman ya wuce Laramie, taron kuma ya bi shi. Ran 10 ga Mayu 1869 hanyoyin biyu suka haɗu a Promontory cikin ƙasar Yuta. Da aka yi ƙidaya a 1870, mutum 1,450 kaɗai aka samu a Shayan. Nan ne aka yi tsammani zai bi sawun Benton, wani zango da ke yamma da shi, wanda ya tara dubban mutane a 1868 amma cikin 'yan watanni ya zama kufai.

Abin da ya tsai da garin

Abu huɗu suka hana shi mutuwa. Na fari shi ne aikin reluwe kansa, gama tudun bai gusa ba, kullum ana bukatar direbobi da maƙera da masu zuba gawayi, su kuwa mutane ne masu albashi da iyali. A 1870 kuma aka haɗa garin da Denba ta jihar Kolorado da wata hanyar, ya zama mararraba.

Na biyu barikin soja ne. Tun 1867 aka kafa barikin D. A. Russell a gefen gari don tsaron hanyar, da babban ma'ajin kaya inda ake raba abinci da makamai ga barikokin da ke nesa da dogo. Soja masu saye ne, 'yan kasuwa suka sami abin dogara.

Na uku mulki ne. A 1868 majalisar Amurka ta yanke yankin Wayomin, a 1869 Gwamna na farko, John Campbell, ya zauna a Shayan. Majalisar yankin ta taru a nan cikin ɗakunan haya, ran 10 ga Disamba 1869 kuwa Gwamna ya sa hannu a kan dokar da ta ba mata ikon jefa ƙuri'a, shekara 50 kafin sauran ƙasar gaba ɗaya ta yarda da haka.

Na huɗu fatauci ne. Da aka sami zinariya a Baƙaƙen Duwatsu a 1874, a cikin ƙasar da yarjejeniyar 1868 ta bar wa Lakota, sai Shayan ya zama wurin da masu haƙa ke sauka daga jirgi su yi guzuri. Daga 1876 kekunan doki suka riƙa zirga-zirga tsakaninsa da garin Deadwood.

Zamanin shanu

Abin da ya kawo dukiya sosai shi ne kiwo. Aka gane ciyawar filayen nan tana ƙiba shanu, filin kuwa na gwamnati ne, ba mai hana kiwo. Aka yi ta koro garkuna daga Teksas, a ƙiba su, a loda a jirgi zuwa mahautan Shikago. Attajirai daga gabashin Amurka da Ingila da Sikotlan suka zuba jari. A 1880 suka kafa kulob nasu a garin, suka gina masa gida mai bene da baranda, inda ake shawarar farashi da dokokin kiwo. Suka jera manyan gidaje a tituna, tubali ya maye gurbin katako.

Amma aka tara shanu fiye da ƙarfin ciyawa. Bayan rani mai tsanani sai hunturun 1886 zuwa 1887 ya zo da ƙanƙara irin wadda ba a saba gani ba, shanu suka mutu birjik, kamfanonin kiwo da yawa suka karye. Da a kan shanu kaɗai garin ya jingina, da ya faɗi tare da su. Ga shi kuwa a 1890 ƙidaya ta nuna mutum 11,690.

Gine-ginen dutse

Manyan gine-gine biyu da aka fi sanin garin da su an tayar da su ne daidai lokacin wannan masifa. Na farko tashar jirgi ce, wadda Union Pacific ya gina daga 1886 zuwa 1887 a madadin tsohuwar tashar katako. Henry Van Brunt ne ya zana ta. An yi ta da sassaƙaƙƙen dutse, ja da fatsi-fatsi, ƙofofinta da tagoginta masu baka, a tsakiya kuma ga hasumiya mai agogo wadda ake hangowa daga nesa. Kamfanin da ya kashe kuɗi haka a kan dutse ya nuna ba shi da niyyar tashi.

Na biyu gidan majalisa ne. A 1886 majalisar yankin ta yarda a kashe dala 150,000 a kansa, aka sa harsashi ran 18 ga Mayu 1887, aka gama tsakiyar ginin a 1888, aka ƙara masa fukafukai a 1890 da 1917. Ƙubbarsa an lulluɓe ta da ganyen zinariya. A cikinsa aka tsara tsarin mulkin jihar a 1889, aka tabbatar da ƙuri'ar mata a ciki, ran 10 ga Yuli 1890 kuwa Wayomin ta zama jiha ta 44. Titi guda ne miƙaƙƙe ya haɗa gine-ginen nan biyu, tasha a kudu, majalisa a arewa, suna duban juna. Baƙon da ya fito daga tasha, abin da zai fara hangowa ke nan.

Akwai waɗansu kuma na wannan zamani. Majami'ar St. Mark ta dutse an soma ta a 1886. Gidan wasa na Atlas an gina shi a 1887, da fari kanti ne da ofisoshi, a 1908 aka mai da shi gidan wasa. Wani attajiri, Erasmus Nagle, ya gina babban gida a 1888, wanda daga baya Francis Warren, Gwamnan jihar na farko, ya saya. Gidan Gwamna kuwa an gina shi a 1904, gwamnoni suka zauna a ciki har 1976. A cikinsu har da Nellie Tayloe Ross, wadda ta hau a 1925, ita ce mace ta farko da ta yi gwamnan jiha a Amurka.

Abin da ya ɓace da abin da aka tsare

Daga garin tanti da katako kusan ba abin da ya rage, gama gobara ta sha cinye shi. Barney Ford, baƙar fata wanda aka haifa cikin bauta ya gudu ya 'yantu, ya yi asarar masaukinsa a gobarar 1870. Ya sake gina wani na tubali a 1875, mai suna Inter-Ocean, wanda manyan baƙi ke sauka a ciki, shi ma wuta ta ci shi a 1916. Gidan kulob na masu shanu kuwa ba wuta ba ce ta ci shi, mutane ne suka rushe shi da hannunsu a 1936, gama a lokacin ba a ɗauke shi a bakin kome ba.

Daga baya hankali ya juyo. Da jirgin fasinja ya daina tsayawa a garin, ba a bar tashar ta lalace ba, aka gyara ta aka mai da ita gidan ajiye kayan tarihi, a 2006 kuma gwamnatin tarayya ta sa ta cikin wuraren tarihin ƙasa. Tsohon gidan Gwamna shi ma gidan tarihi ne. Gidan majalisa an rufe shi an yi masa gyara na shekaru, aka sake buɗe shi a 2019, ana kuwa aiki a cikinsa. Barikin soja ya koma hannun mayaƙan sama da sunan Warren, gidajensa na jan tubali suna nan tsaye. A 2019 ɗin nan ma'aikatan Union Pacific na Shayan suka tayar da wani ƙaton injin gawayi na 1941, mai lamba 4014, irin waɗanda suka yi aikin jan kaya a kan tudun wannan yanki. Ƙidayar 2020 ta sami mutum 65,132 a birnin.

Wanda yake so ya ga bambanci sai ya hau tudun Sherman. A can ma an yi ɗan gari, har kamfani ya gina dala ta dutse mai tsawon ƙafa 60 a 1882 don tunawa da Oakes Ames da Oliver Ames, 'yan'uwa biyu da suka tsaya wa aikin da kuɗi. A 1901 aka gusar da dogo zuwa kudu don sauƙin hawa, garin ya watse nan da nan, gama ba shi da wani dalilin zama sai jirgi. Dalar tana nan ita kaɗai a fili, ba gida ko ɗaya kusa da ita.