Hayar jirgin ruwan alfarma: kuɗin da ke kan talla somin taɓi ne

Mai shirin hayar jirgin ruwan alfarma da ma'aikatansa domin zagaya tsibiran Karibiyan, kamar Antigua ko Bahamas, ya sani cewa farashin mako guda da dillali ke nunawa bai gama magana ba. A manyan jirage, kuɗin ya ƙunshi jirgin da albashin kyaftin, kuku da sauran ma'aikata. Mai, abinci da kuɗin tsayawa a tasha daban suke: ana ajiye ƙarin kuɗi kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin haya kafin tafiya, kyaftin yana kashewa yana rubutawa, a mayar da ragowar. Ga kuma tukuicin ma'aikata.

Wasu na ganin wannan dabarar ɓoye tsada ce. Ni kuwa ina ganin tsarin ya fi adalci, domin wanda ya yini yana ratsa teku ba zai ƙona mai daidai da wanda ya kwana uku a gaɓa ɗaya ba, kuma ɗora musu farashi ɗaya cutar da na biyun ne. Sai dai rangwamen kuɗin haya da ake yi daga Yuni zuwa Nuwamba shi ne abin yi wa hattara. Lokacin guguwa ne, kuma a Satumban 2017 guguwar Irma ta ragargaza ɗimbin jiragen haya a tsibirin Tortola.