Maganar Kwano da Tiya a Kasuwanninmu

Yau bisa awo za mu yi magana.

A nan Dogon Daji ba a jin kilo sai ga bakin baƙo. Tun 1974 gwamnati ta yi dokar awo da sikeli, amma gero da dawa har gobe da kwano ake auna su. To, kwanon nan suna ɗaya, ciki daban-daban. Wanda ake karɓar hatsi da shi ga manomi a ƙauyukan Kebbe, sau da yawa ya fi wanda ake sayarwa da shi cikin rumfa. Ga kuma tsororuwa: wani ya tara har ta zuba, wani ya tare da hannu, wani ya shafe. Bugaggen gindin kwano kuwa ba ma maganarsa.

Mu kanmu mun taɓa sayen buhu 10 na maiwa bisa tiya 40 kowane buhu. Da munka zazzage munka sake awo da tamu tiya, kowane ya rage biyu. Ba mu ja ba. Kuɗi munka yi wa ciniki, ba mu ce a fito da kwanon a gani ba.

Mai ya fi sauƙi: kwalba 6 galan, galan 4 garwa. Kumfar wuyan kwalba dai a jira ta kwanta.

Ba mu kaɗai ba. A ƙasar Bama, inda kakanninmu sunka yi yaƙi a 1944, da gwangwanin madara suke awo kamar mu. Gwangwani 8 shi suke kira fiyi, fiyi 16 kwando guda. Da kwandon ya saɓa gari zuwa gari, sai anka ɗaure shi ga sikeli: kwandon shanshera fam 46.

Inda abin ya fi nauyi shi ne zakka. Ita da mudun Annabi ake lissafi, watau cikin tafi biyu na matsakaicin mutum. Huɗu sa'i guda, shi ne fidda kan mutum ɗaya. Nisabin hatsi sa'i 300. Kada a kawo tiyar kasuwa ga wanga lissafi. Kafin kaka, a aro mudun Annabi ga liman, a zuba cikin tiyar gida, a ga nawa take ci, a rubuta.